Nsemere Ba Ta Mutu Ba

Shekara ashirin da uku Yowasi Irumba yana bin birai a daji, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ba ƙananan biran nan masu wutsiya da ke ɓarnar masara nake nufi ba. Manyan nake nufi, baƙaƙe marasa wutsiya, cimfanzi, waɗanda masu bincike ke tasowa daga uwa duniya don su zauna su zuba musu ido. Irumba ya san kowanne da sunansa, ya san uwar kowa, ya san wadda ba ta ga maciji da wadda. Biri zai yi kuka daga ƙetaren kwari, shi kuwa ya gaya maka wane ne da abin da aka yi masa. Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba a ja, sai dai shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

A cikin biran kudancin dajin akwai wata uwa mai suna Kogere da 'yarta Nsemere. Irumba yana tsaye a gindin ɓaure ranar da Kogere ta sauko da jaririyar manne a cikinta. Shi ya raɗa mata suna, shi kuma ya zana kunnenta na dama a littafi lokacin da wani namiji ya tsaga shi da haƙori tana 'yar shekara huɗu. Matan birai ba masu son taro ba ne kamar mazan. Kowacce tana da ɓangarenta na daji, tana yawo da 'ya'yanta, in an haɗu a bishiya a gaisa a rabu. Amma Kogere da Nsemere kullum suna tare. In rana ta take sai su zauna fuska da fuska, kowacce ta ɗaga hannu ɗaya sama su haɗa tafi da tafi, ɗaya hannun kuma yana tsintar datti a gashin ɗayar. Sauran matan wuyan hannu suke jinginawa da wuyan hannu. Kogere kaɗai ke haɗa tafi, kuma duk abin da ta haifa haka yake yi.

Akwai abin da ko sabon ma'aikaci yake sani a makonsa na farko: macen biri ba ta tsufa a gidan uwarta. In ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku, wata safiya sai a neme ta a rasa. Ta ƙetara ta shiga wata ƙungiyar, ba sallama, ba rakiya, kuma ba ta dawowa. Mazan ne ke mutuwa inda aka haife su. Irumba da bakinsa ya koya wa mutum ya fi talatin wannan karatun.

Nsemere tana da shekara goma sha uku tarko ya kama ta. Irin tarkon da ake yi da wayar burkin babur ne, ana ɗana shi don gada da aladen daji, amma waya ba ta tambayar hannun wa ta kama. Ta fizge ta tsere, zoben wayar ya zauna a yatsunta na hagu, hannun ya kumbura har yana wari. Kwana goma tana bin uwarta da ƙafa uku. A na goma sha ɗaya aka ga Kogere ita kaɗai.

To, a nan ne Bagonza ya shigo maganar. Bagonza mijin Tibakanya ne, ƙanwar Irumba uwa ɗaya uba ɗaya, yana da gonar masara da ayaba a bakin daji, yana kuma da baki. Duk taron suna ko na biki, da ya hango surukinsa zai fara.

"Araali! Zo ka zauna, amma nesa da tukunya. Yau fitsarin wa ka tara?"

Araali shi ne sunan gaisuwar Irumba. A wajenmu kowa yana da irin wannan suna ban da nasa na ainihi, empaako, da shi ake gaisuwa, da shi ake lallashi, kuma ba a yin faɗa da shi a baki. Maganar fitsari kuwa gaskiya ce. Cikin aikin har da tsayawa ƙarƙashin sheƙar biri da sassafe, da leda a bakin sanda mai rassa biyu, a tari abin da ya zubo a kai wa masu bincike.

"Ni dai ƙanwarka na aura," in ji Bagonza, "ba a gaya mini akwai dangi a kan bishiya ba. Da na kai musu gaisuwa."

Mutane su kwashe da dariya, Irumba ma ya yi dariya. Shekara tara yana wannan dariyar, yana haɗiye abin da ke ƙasanta.

Wata guda da ɓatan Nsemere, masu sintirin cire tarko suka tsinci ƙasusuwan biri a cikin daji, jifa ɗaya daga iyakar gonaki, da zoben waya a ƙashin hannu. Aka kira Irumba. Ya tsuguna ya duba. Ƙasusuwan sun yi gansakuka, kore shar, kuma ƙashin wata ɗaya ba ya yin haka. Ya gani, ya kuma san abin da ya gani. Amma ransa a ɓace yake, ya yi wata guda yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ga kuma jami'in gandun daji tsaye a kansa da alƙalami.

"Ka tabbata ita ce?"

"Ni da na gan ta ranar da aka haife ta?"

"Akwai wanda kake zargi?"

Gonaki goma sha huɗu ne suka yi iyaka da wurin. Irumba ya ce ya taɓa ganin naɗin waya a rataye a madafar Bagonza. Wannan ma gaskiya ce. Bagonza yana ɗana wa aladen daji tarko a cikin masararsa, kamar yadda sauran goma sha ukun suke yi, kuma bai musa ba da aka tambaye shi. Ya dai rantse bai taɓa ɗana ko ɗaya a cikin daji ba. Alƙali ya dubi manomi, ya dubi ƙwararre mai shekara goma sha biyar a aiki, ya yanke wa Bagonza ɗaurin shekara biyu.

Bagonza ya fito da tari wanda bai sake barinsa ba, da kuma suna: mai kashe biri. Mu nan ba ma cin biri, saboda haka mutane suka tambayi kansu me ya yi da naman, suka kuma ba kansu amsa, wai ya sayar wa boka hannuwan. Aka hana shi karatu a coci. Mahaifiyarsu Irumba, wadda ke zaune a gidan ɗanta tun rasuwar mijinta, ta aika aka kira Tibakanya ta ce mata, "Ko ki baro mutumin nan, ko ki bar ni." Tibakanya ta durƙusa ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta koma gidan mijinta. Tafiyar awa ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, ta cikin gonakin shayi, amma shekara takwas ba ta sake taka hanyar ba.

Shi kuwa Irumba labarin ya karɓe shi. Aka kafa allo a ƙofar sansani da zanen fuskar Nsemere, a ƙasa an rubuta cewa tarko ne ya kashe ta. Duk baƙon da ya zo, duk makarantar da ta kawo ziyara, Irumba ake kira ya ba da labarin. Yana ba da shi da kyau, kuma kowace shekara labarin yana ƙara ƙiba. Yakan faɗi yadda Kogere ta yi kwanaki tana hawa bishiya mafi tsawo tana kira, har mata su share hawaye. Bai taɓa ƙarawa da cewa haka kowace uwa take yi in 'yarta ta tafi ba. Kogere ta mutu da tsufa shekara uku da suka wuce, shi ya tsinci gawarta a bakin rafi.

A farkon damina ta bana aka tura shi arewacin dajin na mako biyu. Can akwai wata ƙungiyar birai da aka yi shekaru ana lallaɓa su su saba da mutane, yanzu sun fara yarda a matso, ana son tsohon hannu ya taya tantance matan. Aka haɗa shi da Kunihira, wata gajeruwar mace sa'arsa, wadda ta fi kowa daɗewa a can, kuma ba ta ɗauki kowa babba ba.

"Babban malami, sannu da zuwa ƙauye," in ji ta. "An ce har mafarkin biri kana fassarawa. Yau dai za mu sha karatu."

A rana ta uku, da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, suka tarar da mata biyar a wani ɓaure da ya nuna. Suka ja takunkumi suka rufe hanci, suka tsaya daga nesa yadda doka ta ce. Kunihira tana nuna masa su ɗaya bayan ɗaya da leɓe. Can wata ta sauko da baya, jariri manne a cikinta, wata 'yar shekara shida tana biye. Ta zauna a kan wani kututture ta juya musu gefe.

"Waccan Yatsa-Biyu muke ce mata," in ji Kunihira. "Dubi hannun."

Ya ɗaga madubin hangen nesa. Hannun hagu ya shanye, babban yatsa da manuni kaɗai suka rage. Ya matsa sama zuwa kunnen dama. Tsagar tana nan yadda ya zana ta, har da ɗan lanƙwasan da ke ƙasa. Ya ce wa kansa birai masu tsagaggen kunne suna da yawa, masu shanyayyen hannu ma suna da yawa. Yana cikin wannan lissafin 'yar ta zo ta zauna gaban uwar. Uwar ta ɗaga shanyayyen hannun sama, 'yar ta ɗaga nata, suka haɗa tafi da tafi.

Ya sauke madubin, ya ja da baya, ya sake matsowa. Gumi ya cika takunkumin har yana shiga bakinsa.

"Lafiya?" in ji Kunihira. "Ko kwarkwasa ce ta shiga wandonka?"

"Zafi ne."

"Zafi, da wannan sanyin? To. Ka ga yadda suke haɗa hannu? Duk arewa ita da 'yarta kaɗai ke yin haka. Kuma tun ranar da muka fara ganinta ba ta taɓa gudun mutum ba. Sauran suna watsewa, ita tana zaune tana kallonmu kamar mun zo karɓar haraji."

Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da ƙaramar murya. Ta ce lokacin da birinyar ta zo, matan nan kamar su cinye ta ɗanya. Baƙuwa ce, ga hannu ɗaya yana ruɓa. Sun kore ta daga kowace bishiyar kirki, sun taru su uku sun yi mata dukan tsiya, ta koma gefen fadama tana cin abin da aka raina. Shekara biyu a haka, ba uwa, ba 'yar'uwa. Wata tsohuwa ce ta fara barinta ta zauna kusa, daga nan aka saba.

"Yanzu dube ta, 'ya'ya biyu, kuma ba mai taɓa mata su. Ni dai ina sonta. Abin da ban sani ba shi ne daga ina ta fito. Kai ne masani, malam. Me ka gani?"

Nsemere ta juyo ta dube shi. Ba ta daɗe ba, ta mayar da ido kan gashin 'yarta.

"Ban sani ba," in ji Irumba.

Karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakinsa a bakin aiki, kuma ƙarya ce. Ya ƙarasa makonni biyun yana kauce wa duk inda aka ce Yatsa-Biyu take.

Ya koma gida da abin a ransa. Kunya ce, ba wani abu ba, kunya irin wadda ke sa mutum ya kasa kallon matarsa in ta miƙo masa ruwa. In ya wuce allon ƙofar sansani sai ya sunkuyar da kai. Da wasu baƙi suka nemi labarin ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Kullum yana ce wa kansa ranar Asabar zai je wurin Tibakanya, Asabar ta zo ya ga ruwa ya yi yawa, ko takalminsa ya huje, ko dai gara ya fara gaya wa shugabar bincike, ita kuma ba ta ƙasar.

Ga kuma Maama, mahaifiyarsa. Shekara guda ke nan hankalinta yana zuwa yana tafiya. Wata rana ta nemi mijinta da ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, wata rana kuma ta tashi garau, ta san kowa, har ta yi wa surukarta faɗan gishiri ya yi yawa a wake. A mako na biyu da dawowarsa aka yi irin wannan safiyar. Ya kai mata kunun tamba, ta riƙe kofin da hannu biyu, ta dube shi da idonta na da.

"Araali, kana jin labarin Abwooli kuwa?"

Abwooli sunan gaisuwar Tibakanya ne. Shekara takwas bai ji shi a bakin tsohuwar ba.

"Taurin kai ne da ita, irin na ubanku," in ji ta. "Amma jiya na yi mafarkinta. In da mutumin nan bai yi abin da ya yi ba..."

Ta zuba masa ido tana jiransa. Maganar tana bakinsa, ya ji ta a kan harshensa. Sai ya tuna cewa in ya faɗa, wannan idon da ke kallonsa yanzu zai canza, kuma shi kaɗai ne idon da bai taɓa shakkarsa ba.

"Tana nan lafiya, Maama," ya ce. "Sha kununki kada ya huce."

Ya sa takalmin ruwansa ya tafi daji. Daga wannan safiyar ba a sake samun irinta ba. Matarsa ce ta fara lura, ta ce tsohuwa ta daina faɗan gishiri.

Ina so in ce zuciyarsa ce ta kai shi gidan ƙanwarsa a ƙarshe, amma ba ita ba ce. Wata biyu cif da dawowarsa aka kira taron ma'aikata a sansanin kudu, ranar Juma'a, Kunihira ta zo a bayan babur. Da aka tashi ya fito ya same ta tsaye gaban allon, hannu a ƙugu, ta karkata kai.

"Araali," in ji ta, ba ta juyo ba. "Wanda ya zana kunnen nan ya iya zane."

Ya dubi zanen, ya kau da kai.

"An ce akwai wanda ya yi shekara biyu a gidan yari a kanta."

"Mijin ƙanwata ne."

Sai a lokacin ta juyo. Ya fi son ta zage shi, amma ba ta zage shi ba, kallonsa kawai ta yi daga sama har ƙasa.

"Ranar Litinin zan rubuta abin da na gani," ta ce. "Kana da Asabar da Lahadi."

Da hantsin Asabar ya isa gidan Bagonza. Tibakanya tana zaune a ƙofar madafa tana ɓare ayabar dafawa da wuƙa, ta yi furfura a gefen kai, abin da bai sani ba. Bagonza yana kan kujera a rana, lulluɓe da bargo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ta ɗago ta ga wanda ya shigo, ta mayar da kai kan ayabarta.

"Yowasi," ta ce. Haka kawai, kamar mai kiran suna a asibiti.

"Ikon Allah," in ji Bagonza. "Birai sun daina fitsari ne aka sallame ka?"

Ba a ba shi kujera ba. Ya cire hula ya tsuguna a tsakar gida, babban mutum da shi, a gaban ƙanwarsa. Ya faɗa musu duka, a hargitse, yana fara magana yana komawa baya: ɓauren, hannun, kunnen, tafi da tafi. Da ya gama ba abin da ake ji sai kaji.

"'Ya'ya nawa ka ce?" in ji Bagonza.

"Biyu."

"To, Allah ya raya. Ka ga gawa mai albarka." Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, ya daɗe yana yi kafin ya samu numfashi.

Tibakanya ba ta daina ɓare ayaba ba. "Wato ka taso tun daga can ka gaya mini mijina bai yi kisa ba," in ji ta. "Ni da nake gida ɗaya da shi. Labarin nan, Yowasi, kai kaɗai ne yake sabo a wurinka."

"Ni ma ba sabo ba ne a wurina." Irumba ya murza hular da ke hannunsa. "Ƙasusuwan sun yi gansakuka. Sun fi shekara a wurin. Na gani tun ranar."

Wuƙar ta tsaya.

"Ka gani."

"Na gani."

"Saboda me?"

Ya dubi Bagonza, ya dubi ƙasa. Ta yaya mutum zai buɗe baki ya ce saboda wasan fitsari? Amma Bagonza ya gane, don fuskarsa ta sauya, ya jawo bargon ya rufe gwiwoyinsa a hankali.

"Gobe a coci," in ji Bagonza, ba wasa a muryar yanzu. "Bayan karatu na biyu. Ka tashi a inda nake tsayawa da, ka faɗa da ƙarfi, har da maganar gansakukar."

"Zan faɗa, Amooti," in ji Irumba, yana kiransa da sunan gaisuwarsa.

"Yaushe ka gan ta?" in ji Tibakanya.

"Wata biyu ke nan."

"Wata biyu." Ta ajiye wuƙar a cikin kwando, ta goge hannu a zaninta. "Tashi. Ba ni za ka gaya wa ba."

Ta shiga ɗaki ta sake zani, ta fito da ƙullin garin tamba a ka, don 'ya ba ta zuwa gidan uwarta hannu rabbana. Suka kama hanyar gonakin shayi, tana gaba yana baya. Masu tsinkar ganye suka miƙe daga sunkuyo suna kallonsu. Sau biyu ya buɗe baki zai gaya mata halin da tsohuwar take ciki, sau biyu ya rufe. Ta ji ana cewa Maama tana mantuwa, amma ji daban ne.

Tsohuwar tana kan tabarma a inuwar ayaba, tana tsince wake ɗaya ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan, aikin da surukarta ke ba ta don hannunta ya samu abin yi. Tibakanya ta sauke ƙullin, ta durƙusa da gwiwa biyu a bakin tabarmar.

"Maama."

Tsohuwar ta ɗago, ta yi murmushi mai kyau, irin wanda ta saba yi wa kowa.

"Sannu da zuwa, 'yata. Kin sha hanya. Mene ne sunan gaisuwarki?"

Wannan tambayar baƙo ake yi wa ita, wanda ba a taɓa gani ba. Irumba ya ga bayan ƙanwarsa ya sandare.

"Abwooli," ta ce.

"Abwooli! Kai, madalla. Ni ma ina da 'ya Abwooli." Ta matso, ta rage murya kamar mai ba da sirri. "Amma ba ta zuwa. Ta auri wani mugun mutum, mai kashe birai yana sayar wa bokaye. Na ce ta baro shi ta ƙi."

Tsohuwar ta manta mijinta ya rasu, ta manta sunayen jikokinta, ta manta ko ta ci abinci. Wannan ɗaya ne ya zauna daram, kuma shi ya dasa mata shi. Irumba ya zube a gefen ƙanwarsa, ya kama ƙafar uwar.

"Maama, ba gaskiya ba ne. Bagonza bai kashe komai ba. Birinyar tana raye, na gan ta da idona, har ta haihu. Ni ne na yi ƙarya. Wannan Abwooli ce, taki, ki dube ta."

Tsohuwar ta dube shi da tausayi, ta shafa kansa, sannan ta juya ga baƙuwar.

"Ƙyale shi, 'yata, zuciya ce da shi mai taushi, yana so ya rufa wa surukinsa asiri. Ɗan nan nawa tun yana ƙarami bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ta leƙa cikin kwanon waken. "An ba ki abinci kuwa? Araali, a ba baƙuwa abinci."

Tibakanya ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki ƙullinta ta shiga madafa, ta gaisa da matar wanta, ta hura wuta. Ta tuƙa tuwon tamba, ta kawo da miyar wake, ta zauna tana gutsura ƙanana tana ba tsohuwar a baki. Tsohuwar tana ci tana yaba hannun baƙuwa, ta ce 'yarta ma haka take tuƙa shi, ba gudaji. Irumba yana tsugune a gindin ayaba, an ajiye masa nasa a gabansa har ya yi sanyi.

Da rana ta karkata Tibakanya ta wanke hannu, ta yi wa uwar sallama irin ta baƙo, ta nufi ƙofa. Ya bi ta har bakin hanya.

"Gobe in an tashi daga coci zan dawo," ta ce. "Za ka sake gaya mata. Jibi ma haka, da gata."

"Abwooli, ba za ta riƙe ba. Kafin yamma ta manta."

"Na sani," in ji Tibakanya. "Ni ce nake so in ji."

Ta gyara ɗaurin zaninta ta shiga hanyar shayi. Daga bayansa ya ji tsohuwar tana tambayar matarsa wace ce wannan mata mai kirki da ta zo.